Gwiwar Gungume

Tawa, ƙarshen damina

Zuwa ga ƙanena Ma'azu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Dakar. Yaya baƙunta, yaya gajiyar zama gaban ordinata, kwamfutar nan taku? Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abincin kirki, don a hoton da ka aiko wuyanka ya ƙara tsawo. Maigidana Attahir ma yana gaisuwa. Mu nan lafiya, sai godiya.

Na san za ka yi dariya ka ce Nasiratu ta koma zamanin da, ga waya a hannu amma tana rubuta takarda tana ɗaukar hotonta. Yi dariyarka. Ɓarin jikin Baba ne ya shanye, kunnensa yana nan garau. Ko a bayan madafa na laɓe na yi maka saƙon murya, sai ya kira ni ya ce me na faɗa wa Ma'azu. Shi ya sa nake rubutawa a lakwal, makarantar da nake koyarwa, lokacin da yara suka fita shan iska.

Ba zan ɓoye maka ba, jikin nasa bai canza ba. Hannun dama a sake yake, ƙafar kuma yana jin ta in an matsa, amma ba ya taka ta. Madam Esta, mai motsa masa jiki daga gidan likita, tana zuwa kowace safiya a kan ɗan babur ɗinta, kuma wallahi matar nan ta fi mu haƙuri. Ta ce ƙafar ba ta mutu ba, amma in watannin nan suka wuce bai yi aiki da ita ba, ta sandare ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Abin da take so bai fi ƙarfinsa ba. A sauko da shi daga kujera zuwa tabarma, ya dafa ƙasa, ya kafa gwiwa, ya koyi miƙewa. To nan ake yin ta. Da ta ambaci gwiwa sai ya juya fuska ga bango. Wai shi Sabo Gungume ya yi kokowa daga Takanamat har Affala, ya tsufa gwiwarsa ba ta san ƙasa ba. Ranar da ciwon ya buge shi a gonar gero ta taɓa, ranar aka kayar da shi, kuma wanda aka kayar fita yake daga fage, ba ya tsayawa yana rarrafe mutane na kallo. Ka ji fa, ciwo ya mayar abokin kokowa!

Na ce masa ai a salla ya shekara yana durƙusawa. Ya harare ni ya ce wannan gaban Allah ne, kada in ƙara haɗa su. Na yi lallashi, na yi faɗa, Inna ta yi kuka, liman ya zo ya yi nasiha, ko a jikinsa.

Abu ɗaya ne ke sa idonsa haske, wasan ordinatan nan da kuke ƙerawa. Tun da ka aiko ɗan guntun bidiyon da ƙaton mutum-mutumin ƙarfen nan da kuka sa wa suna Gungume ke takowa, kafaɗar hagu a karkace, tafuka a buɗe, Baba bai bar wayata ta huta ba. Ya ce tafiyarsa ce, ba ragi ba ƙari. Ni ma da na gani sai da tsigar jikina ta tashi. Na tuna da zuwanka bara waccan, ka ɗaure masa fararen tsummoki a gwiwa da gwiwar hannu da ƙugu, ka jingina wayoyi a kan turame bayan rumbu, yana kama iska yana kayar da ita, 'yan Takanamat na leƙe ta darni suna cewa karatu ya taɓa kan ɗan Sabo. Ka tuna da ka roƙe shi ya faɗi sau ɗaya ya tashi don ka ɗauka, saura kaɗan ka sha mari?

Yanzu kullum sai ya tambaye ni yaushe dodon ƙarfe zai fito. Ya ce in ya ga kansa yana tafiya a ciki, ya ishe shi tafiya a duniya. Maganar nan ba ta yi min daɗi ba ko kaɗan. Kun ɗaga ranar fitowa, kun sake ɗagawa, ni nake shan tambaya.

Abu biyu nake so ka amsa min, kuma ban da zagaye-zagayen nan naka. Yaushe ne? Sannan a cikin wasan, Gungume yana faɗuwa?

Allah ya tsare min kai, ya yi wa aikinka albarka.

Yayarka,
Nasiratu

Tawa, lokacin yankan gero

Ƙanena Ma'azu,

Sallama da gaisuwa. Yaya aiki, yaya mura da ka ce tana damunka? Ka riƙa shan citta, ka rage kwana a zaune. Inna da Attahir suna gaisuwa. Gero ya yi kyau a Takanamat, an kawo mana sabo, Inna ta dama hura, Baba ya sha sosai.

Amsarka ta iso, na karanta ta har ta kusa zama hadda. Na gode da ka ba da rana. Amma ɗaya maganar ta hana ni sakat. Ka ce ƙa'idar kokowarmu ka sa a ciki: duk girman mutum-mutumi, da gwiwarsa ta taɓa ƙasa wasa ya ƙare, babu tashi, babu ramuwa. Ka ce abokanka uku sun yi gardama, sun ce masu irin wannan wasa sun saba a doke su su tashi su ci gaba, kai kuma ka kafe don girmama Baba. Taurin kan gidanmu dai ba a bar ka a baya ba. Na ji daɗi, kuma gabana ya faɗi. Ma'azu, ai ba Baba ne zai riƙe Gungume ba. Duk wanda ya sayi wasan shi ne zai riƙe shi, gwani da ɗan koyo. Ke nan mutumin da ba a taɓa kayarwa ba za a yi ta durƙusar da shi a garuruwan da bai ma san sunansu ba. Ka yi tunanin wannan kuwa?

Ga wata sabuwa. Da ya ji ranar, sai ya aika Takanamat a gaya wa Mumuni, tsohon makaɗinsa, ya zo da ganga, ya kuma gayyato tsofaffin abokan fagensa. Mutumin da tun da aka kawo shi gidana ya hana kowa shigowa duba shi! Ya sa Inna ta ciro masa riga mai aiki daga akwati. Attahir ya aro ordinata mai ƙarfi wurin wani abokin aikinsa, da abin dannawar nan da kuke kira manet. Kai ka san Attahir, ko lambar waya zai danna sai ya yi kuskure, shi ne zai riƙe mana Gungume. Na ce ya koya tukuna, ya ce da me zai koya tunda wasan bai fito ba.

Baba ya ji kuma cewa akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su gwada wasa su rubuta ra'ayinsu, su ba shi maki. Ya sa musu suna alƙalan fage. Ya ce a kawo masa hukuncinsu da zarar sun yanke. Ya tambaye ni mutum nawa ke jiran wasan. Na leƙa shafinku, na ga ba su cika filin lakwal ɗinmu ba, na ce masa suna da yawa.

Madam Esta ta ce in yana cikin farin ciki haka, mu gwada maganar tabarma. Mun gwada, ya ce a bari sai bayan wasa. Komai yanzu sai bayan wasa. Ni kuwa bayan wasan nake tsoro.

Ka yi mana addu'a, muna yi maka.

Yayarka,
Nasiratu

Tawa, bayan fitowar wasa

Ma'azu ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina yi maka barka da sauke nauyi. Ko me ya biyo baya, kun fara abu kun gama, kuma ba kowa ke yin haka ba. Yaya jikinka? Mu muna nan da rai. Ka ce in ba ka labarin yadda aka yi, kada in rage komai. To ga shi, kai ka nema.

Bayan la'asar muka fito da tele, talabijin ɗinmu, ƙarƙashin dogon yaro. Tsofaffi sun cika tabarmi, Mumuni ya zo da gangarsa, duk ya rame amma hannun yana nan. An fito da Baba a kujera cikin rigarsa, Inna ta gyara masa hula ta ɓoye hannun dama a cikin aljihu. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana shirin farawa, na ce a raina Allah ya sa kada ya dawo, ka ga inda tsoro ya kai ni. Ya dawo.

Ma'azu, da Gungume ya fito! Ban san haka kuka yi shi ba. Ƙasa tana girgiza in ya taka, ƙarfe yana kuka a gaɓoɓinsa, ya zo tsakiyar fage ya karkata kafaɗa ya buɗe tafuka, ya ɗan ja ƙafar dama baya yadda Baba ke yi in zai kama. Tsofaffin nan suka ɗauki kabbara. Mumuni bai jira kowa ba ya saki ganga yana zuba kirarin da rabon da in ji shi tun ina 'yar firamare. Maƙwabta suka cika ƙofa. Na dubi Baba, leɓensa na motsi, ya miƙe wuya kamar zai tashi. Inna ta rufe fuska da gyale. A lokacin na ce ko iyakar abin ke nan, Allah ya biya ka.

Sai aka saki abokin karawa, wani jan ƙarfe mai dogayen hannuwa. Attahir ya ruɗe, gumi na zuba, ya danna abin da bai kamata ba. Gungume ya juya baya. Jan ya ture shi, ya yi tangal-tangal, gwiwar dama ta sauka ƙasa, hayaƙi ya fito masa ta wuya, hoton ya yi duhu. Ko shan ruwa ba a yi ba. Gangar Mumuni ta tsaya a tsakiyar kiɗa. 

Attahir ya ce a yi haƙuri, hannu ne ya zame, ya sake farawa. Aka sake kayarwa. Ya sake, aka sake. Ina ta yi masa ido ya bari, shi kuma bawan Allah yana so ya ci ko sau ɗaya ya wanke surukinsa. Duk a gwiwar dama, Ma'azu, ita dai wadda ta shanye. Na san ba da gangan ka yi ba, ka zana ta tun kafin ciwon, amma wa zai tsaya bayani a wurin? Wani tsoho ya ce ai ƙarfe ne, ba Sabo ba ne. Da ma ya yi shiru. Baba ya ce a mayar da shi ɗaki, iska ta yi masa yawa. Shinkafar da muka dafa wa baƙi rabinta ta kwana.

Tun ranar bai ƙara neman wayata ba. Madam Esta ta zo da safe, ya ce ta koma, kada ta riƙa ɓata man babur ɗinta.

Na kuma ga abin da alƙalan suka rubuta, don na san kai ma ka gani. Ba su da yawa, amma bakinsu ɗaya. Wanda sharhinsa ya fi tsawo ya ba ku bakwai bisa ashirin. Ni malama ce, na san abin da bakwai bisa ashirin ke yi wa yaro, na sha rubuta shi da jan biro ban taɓa jin zafinsa ba sai yau. Na ji haushinsu har na fara rubuta musu amsa da Faransanci, na ce mutanen da ba su taɓa shiga fage ba me suka sani, sai na goge. Ba su ne damuwata ba. Damuwata tana ɗaki ta juya fuska ga bango, kuma ya riga ya ce a kawo masa hukunci. Ban san me zan karanta masa ba.

Kada ka sa abin a ranka har ya kwantar da kai. Mara lafiya ɗaya ya ishe ni.

Yayarka mai ƙaunarka,
Nasiratu

Tawa, ranar Laraba

Ma'azu,

Gaisuwa da fatan alheri, in ma kana karantawa. Lafiyarka ƙalau kuwa? Ina kira ba ka ɗauka, Inna ta sa an kira mata ba ka ɗauka. Wannan wane irin hali ne? Don wasu sun ba ka bakwai sai ka ɓuya wa uwarka? Baba ya juya wa mutane baya a nan, kai ka juya a can, ni ce a tsakiya ina zuwa lakwal da jajayen idanu har yara na tambaya ko ciwon ido nake.

Ya nemi hukuncin, kamar yadda na ji tsoro. Na zauna gefensa na buɗe wayar, na karanta inda aka yabe ku, na tsallake sauran. Ya bar ni na gama, sannan ya ce tun ina ƙarama in zan yi ƙarya nake saurin magana. Washegari da Madam Esta ta zo, don ba ta fasa zuwa ba duk da korar, ya miƙa mata wayar ya ce ta juya masa da Hausa tsaf, ita ba 'yarsa ba ce, ba ruwanta da tausayinsa. Matar nan kuwa ba ta iya kwana-kwana ba. Ta karanta duka.

Mai sharhin ya ce ya daɗe yana buga wasannin manyan mutum-mutumi, bai taɓa ganin wanda ke tafiya kamar mai rai irin Gungume ba, wai kana ganinsa ka san akwai mutum na gaske a bayansa. Amma ya ce wasan ba ya buguwa. Kuskure ɗaya, gwiwa a ƙasa, an gama. Ya ce abin da masu son irin wasan nan ke jira shi ne su ga ƙaton ya sha kashi, hannu ya karye, hayaƙi na fita, ya yunƙura ya tashi. Ya rufe da cewa wanda ya gina ƙato haka ya hana shi tashi, tsoro ne ya hana shi.

Da ta kai kan tsoro na ce yau sai ta Allah. Jijiyar wuyan Baba ta miƙe. Ya tambaya wai a garin su mai sharhin wanda aka kayar tashi yake ya ci gaba, jama'a na kallo? Ta ce haka ne. Ya ce wannan ba kokowa ba ce, rashin kunya ce. Abincin rana ya dawo yadda aka kai shi.

Da na raka ta ƙofa ta gaya min abin da ya fi wannan. Idon sawun ya fara ƙin lanƙwasuwa. Ta ce ba ta son tsorata ni, amma lokacin da take faɗa ya fara ƙurewa.

Sai ga ɗan saƙonka na layi biyu ya shigo jiya, ba gaisuwa ba komai. Wai abokanka sun yanke shawarar gyara wasan, Gungume zai riƙa tashi, kuma tunda ba ku da hoton tashin Baba, za ku ɗauko wani ɗan kokowar Sanagal ku ɗaura masa tsummoki ya yi muku. Ban ga laifinsu ba, abincinsu ne. Amma na roƙe ka, kada maganar nan ta iso kunnen Baba. A kayar da shi gaban abokansa, a ce masa matsoraci, sannan a ce wani ne zai tashi a madadinsa? Ina tsoron tansiyonsa, kada jininsa ya hau. Inna kaɗai na gaya wa, don cikina ba zai iya riƙe ta ni ɗaya ba. Ta saurara tana tsince wake.

Ka ɗauki waya, don Allah.

Yayarka,
Nasiratu

Tawa, ranar Juma'a

Ƙanena Ma'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka, har da waɗanda na yi fushi da su. Na ji daɗi da ka kira Inna, ta ce muryarka ta dishe. Yaya ƙarfin jiki? Kafin ka buɗe bidiyon da ke biye da takardar nan, karanta ta tukuna, kuma ka zauna.

Inna ce ta tona. Matar da na ce ta rufa min asiri! Da safe tana ba shi kunu, ina tsaye ina ɗaura ɗankwali zan tafi lakwal, sai na ji ta ce masa, kamar mai ba da labarin kasuwa, wai an samo wani ƙato a Sanagal da zai ara wa Gungume gwiwa, tunda mai ita ya ce ya gama da ita. Ni 'yasu!  Na yi mata ido, ta ci gaba da juya kununta.

Baba ya ture kofin. Ya ce wa? Ta maimaita. Ya ce daga kai har ƙugu Sabo, daga gwiwa zuwa ƙasa Basanagale? Ta ce haka yaran suka ce, ai ba laifi, an ce can ma sun iya kokowa. Wallahi Ma'azu na ɗauka ciwon zai sake buge shi. Fuskarsa ta yi baƙi, yana numfashi sama-sama, na ruga neman maganinsa. Ina dawowa ya ce in ajiye, in kawo tsummoki farare.

Ban je lakwal ba ranar. Inna ta yayyaga tsohon zanen gado. Ni na ɗaura masa, yana gyara min, wai ba nan Ma'azu ya sa ba, ƙasa kaɗan. Ya sa aka rufe ƙofar gida da sakata, aka kori har kaji. Na jingina wayata da ta Attahir a kan turmi da bokiti yadda na ga ka yi. Madam Esta ta iso ta tarar da mu haka, ta dubi tsummokin, ta dube ni, ta ajiye jakarta ta kama aiki.

Saukowar ta fi komai wuya. Attahir da Madam Esta suka riƙe shi, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana kallon tabarmar nan, ya daɗe. Sannan ya ce bismillah, ya kai gwiwar ƙasa da kansa. Na ga Inna ta juya baya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Bai tashi ba ranar. Ya yunƙura ya kife, ya yunƙura ya kife, goshinsa ya daki tabarma, na yi kansa, Madam Esta ta tare ni da hannu ta ce kada wanda ya taɓa shi sai ya nema. Bai nema ba. Da ƙarfinsa ya ƙare ya kwanta rigingine yana haki, ya ce a goge wannan, gobe a sake. Na shiga madafa na yi kukana. Washegari ma haka, da wanshekarenta. Gwiwar ta kumbura, ta sale, Inna na gasa ta da ruwan zafi suna faɗa ƙasa-ƙasa kamar yadda suka saba. Kullum sai ya tambaya ko an riga an ɗauki Basanagalen, in ce tukuna, alhali ban sani ba. Kullum kuma ina kwana da tsoron zai ce ya fasa, ko jijiya ta tsinke masa a kai. Ban rubuto maka ba don ban san wane labari zan ƙare da shi ba. Sati biyu muka yi a haka.

Yau da hantsi ne. Za ka gani da idonka, amma bari in faɗa maka, don wayar ta ɗan zame a kan turmi, hoton ya ɗan karkace. Ya dafa ƙasa da hagu. Ya jawo ƙafar mai lafiya ya kafa. Ya tsaya nan yana rawa, hannun dama na lilo, gumi na ɗiga daga gemunsa. Sai ya yi wani nishi da ban taɓa ji ba, ya taso a karkace, ya tafi kamar zai faɗi ta dama, ƙafar nan da muka fitar da rai da ita ta ja ƙasa ta tokare. Ya miƙe, Ma'azu. Ba kyau a ciki ko kaɗan, bakinsa a murguɗe, rigarsa duk ƙasa, amma ya miƙe ba wanda ya riƙe shi. Kuma da ya ga ya tsaya, sai ya karkata kafaɗa ya buɗe tafin da ke buɗuwa. Ƙarar da za ka ji a ƙarshe guɗar Inna ce. Kukan kuma na Attahir ne, ba nawa ba, ko me zai gaya maka.

Madam Esta ta ce kada mu yi saurin murna, tsayuwa daban tafiya daban, kuma ba ta yi alkawarin hannun zai dawo ba. Hankalina bai gama kwanciya ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da za ta tafi, shi da bakinsa ya tambaye ta ƙarfe nawa za ta zo gobe.

Ban sani ba ko hoton zai yi muku aiki, ko abokanka za su yarda, ko alƙalan za su waiwayi wasan da suka riga suka yanke wa hukunci. Wannan ya rage naku. Inna tana sa maka albarka, Attahir yana gaisuwa, ya ce yanzu yana kai zagaye na biyu kafin a kayar da shi. Baba ya san ina rubuta maka takardu, ashe tun farko ya sani. Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita masa don kada in sassauta. Ya ce ka sallami Basanagalen da mutunci. Ya ce kada ka gyara komai, ka bar karkatar, ka bar hannun yana lilo, ka bar jan ƙafar. In alƙalan sun ce tashin ya cika jinkiri, ka ce musu Sabo na Takanamat ya gwada, haka ake tashi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Nasiratu Sabo